Irin Gado a Lambunan Ingila

Manomin ƙasar Hausa ya saba ware zangarniyar da ta fi kyau, ya rataye ta domin shukar baɗi. Irin da aka adana haka shekara da shekaru shi ne irin gado, kuma kyansa shi ne ɗa yakan gaji ubansa. Irin aure na kamfanoni kuwa, wanda ake kira F1, yakan ba da yabanya mai yawa a shekarar farko, amma in aka ɗebi 'ya'yansa aka sake shukawa, sai su fito dabam-dabam. Tilas a koma kanti kowace shekara.

A da, kowane yanki na Ingila yana da nasa irin. Bayan da hanyar ruwa ta Bridgewater ta isa Altrincham a 1765, masu lambu na wurin suka shiga kai kayan miya Manchesta cikin jiragen ruwa, su komo da takin birni. Wani dogon jan karas ya yi suna har aka laƙaba masa sunan garin.

Da Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, doka ta hana sayar da irin kayan lambu da ba a yi wa rajista ba. Rajista kuwa kuɗi ce, saboda haka kamfanoni suka yi watsi da tsofaffin iri da ba su da ciniki sosai. Ganin haka ne Lawrence Hills ya kafa ma'ajiyar irin gado a 1975, wadda yau take Ryton, kusa da Coventry, gabas da Birmingham, da iri wajen 800. Ba ta sayarwa. Mambobi take rarraba wa, masu aikin sa kai kuma suna shukawa su maido sabon iri, domin iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake yi.

Har ila yau baƙi sun ƙara wa wannan gado yalwa. Mutanen Jamaika, Indiya da Pakistan da suka sami filayen lambu na haya a Birmingham, irin na Uplands a unguwar Handsworth, sun zo da alayyahu da duma da wake iri-iri. Wahalar ita ce, da yawa daga tsiron ƙasashen zafi ba ya fure sai yini ya gajarta, a Ingila kuwa lokacin sanyi ya riga ya kawo kai. Ta hanyar ɗibar iri daga tsiron da ya fara nuna, shekara bayan shekara, suka sami wanda ya saba da ƙasar. Daga 2010 ƙungiyar Garden Organic ta bi lambunan tana tattara shi.

Lalle darasin ya shafi mai kaura da farafara a rumbu: irin da aka daina shukawa, ba kasuwar da za ta maido shi.