Baƙo A Ƙasar Kakanninsa

Wajen shekarar 1913 ne Turawa suka yanke Sabon Garin Kano, domin baƙin da suka zo daga kudu su zauna dabam da mutanen birni. Mulkin Turawa ya ƙare tun 1960, amma katangar nan tana tsaye har yau cikin zukatan mutane.

A ƙasar Karaye da Rogo abin ya fi ban tausayi, gama waɗanda ake ƙi ba baƙi ba ne. Maguzawa, da 'ya'yansu da suka zama Kirista, Hausawa ne gaba da baya. Kakanninsu suna noman ƙasan nan tun kafin jihadin 1804. Duk da haka in magidanci ya baro ƙauye yana neman haya ko fili a gari, akan fara tambayar sunansa. Da an ji Bitrus, wani mai gida sai ya ce an riga an kama ɗakin. In ya samu kuwa, yaransa su yi ta shan “arna” a bakin rijiya.

Doka ba ta yarda da wannan ba. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 42, ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini. Sashe na 43 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa ikon mallakar gida ko'ina a ƙasar. Wanda aka zalunta, ya nemi dattawa su raka shi wurin mai unguwa ko dagaci.

Amma doka ba ta sa ƙauna. A Amurka an hana wariya wajen haya da sayar da gida tun 1968, baƙar fata kuwa ba su daina kuka da ita ba.

To, 'yan'uwa, mu fa? Wane suna muke kiran Ibo mai shago a gaban yaranmu? Yaya muke karɓar Bafillatanar da ta zo ɗiban ruwa a rijiyarmu? Yaro ba ya zuwa duniya da ƙiyayya, a bakin murhu yake koyonta. Ku tuna Basamariyen da Yesu ya yaba, shi ma daga ƙabilar da ake rainawa ya fito.

Zumunta a ƙafa take. Ku je barkar haihuwa, ku je gaisuwar mutuwa, ku kai abincin Kirsimeti gidan da ba a taɓa kai muku naman Sallah ba. Kada ku jira a fara.