Harafi ɗaya ya isa ɓarawo ya shiga: yadda ake toshe ɓarakar manhajar Git

Duk wanda ya tashi a Rido ko Mararabar Rido ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da rashin gyara ke jawowa. Ga matatar mai nan a kan hanyar Kachiya, wadda aka ƙaddamar a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a kullum, amma ta shafe shekaru ba ta tace mai. Cikin dalilan da aka sha ambata har da rashin yi wa injinanta babban gyara a kan lokaci. Ƙarfe yana tsatsa, bututu yana yoyo, kowa yana gani da idonsa.

Manhajar kwamfuta ba ta tsatsa, shi ya sa da yawanmu muke ɗauka cewa da zarar an saka ta shi ke nan, an gama. Ba haka abin yake ba. Ita ma tana da nata lalacewar, sai dai ido ba ya gani: wani ɗan kuskure ne da ya kwanta a cikin rubutunta shekara da shekaru, har ranar da wani mai mugun nufi zai gano shi. A wannan makon mun ɗauko manhaja guda, wato Git, domin duk ɗalibin da ya sa ƙafa a harkar rubuta manhaja zai haɗu da ita tun a makonnin farko, ko a cibiyar CoLab da ke Barnawa ya fara koyo, ko a shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, ko kuma shi kaɗai da wayarsa.

Mece ce Git?

A ce malami ya ba ku aikin rukuni, ku huɗu. Wannan ya gyara, wancan ya goge, wata ta ƙara. Kafin mako ya ƙare kuna da fayil mai suna "aiki", da "aiki sabo", da "aiki na ƙarshe", da "na ƙarshen ƙarshe", ba wanda ya san wanne ne na gaskiya. To ku auna yadda abin zai kasance idan mutum dubu ne ke rubuta manhaja ɗaya daga ƙasashe daban-daban. Git ita ce magatakardar da ke riƙe tarihin aikin: wa ya canza me, a wane layi, a wace rana. In an yi ɓarna, sai a koma yadda aikin yake jiya ko bara.

Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, shi ya fara rubuta ta a watan Afrilun 2005. A watan Yulin shekarar ya miƙa ragamarta ga wani injiniya ɗan Japan, Junio Hamano, wanda ya ci gaba da kula da ita tun daga lokacin. Dandalin GitHub, wanda Microsoft ya saya a 2018 kan dala biliyan 7.5, a kan Git aka gina shi. Rahoton GitHub na 2024 ya nuna masu amfani da dandalin daga Najeriya sun haura miliyan 1. Har harshenmu yana ciki: tarin saƙonnin Twitter na Hausa da Yarbanci da Ibo da Fijin da ake kira NaijaSenti, wanda Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2022 don koya wa kwamfuta gane yabo da suka, a GitHub yake ajiye.

Ke nan Git rumbu ce da duniya ke zuba hatsinta. Wanda ya huda rumbun, ya samu hanyar taɓa abincin kowa.

Alama ɗaya da ta kusa jawo bala'i

Tun kafin a haifi Git an ga misalin haka. A watan Nuwambar 2003, wani ya kutsa cikin kwamfutar da ke riƙe da kwafin rubutun Linux, ya ƙara layi biyu. Duk wanda ya duba sama-sama zai ce bincike ne na yau da kullum. Amma a inda ya kamata a sa alamar daidai guda biyu (==), guda ɗaya (=) aka sa. A yaren C da aka rubuta Linux da shi, biyun tambaya ce: "Shin wannan mutumin shi ne mai cikakken iko da kwamfutar?" Gudan kuwa umarni ne: "Ba wannan mutumin cikakken iko." Larry McVoy, mai manhajar BitKeeper da masu Linux ke amfani da ita a lokacin, shi ya lura cewa akwai canji a kwafin wanda babu takardar shaidarsa a ainihin ma'ajin. Aka cire shi kafin ya kai ga jama'a, kuma ba a taɓa bayyana wanda ya yi ba.

Git ta zo da maganin irin wannan satar hanya. Duk lokacin da ka adana wani mataki na aikinka, sai ta lissafa masa suna mai haruffa da lambobi 40, kamar zanen yatsa. Ana fitar da sunan ne daga abin da ke cikin aikin, haɗe da sunan matakin da ya gabace shi. Don haka tarihin sarƙa ce: ka taɓa waƙafi ɗaya a aikin shekara uku da suka wuce, duk sunayen da suka biyo baya sai sun canza, kowa ya gane an yi hannu.

Dabarar lissafin da ke fitar da sunan ana kiranta SHA-1, kuma dogaron shi ne fayiloli biyu mabambanta ba za su taɓa samun suna ɗaya ba. A ranar 23 ga Fabrairun 2017, masu bincike daga Google da cibiyar CWI ta birnin Amsterdam suka nuna wa duniya fayilolin PDF biyu, kowanne da abin da ke cikinsa, amma zanen yatsansu ɗaya. Ba aikin wasa suka yi ba: kashi ɗaya kawai na lissafin ya kai aikin da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda za ta yi shekara 6,500 tana yi. Abin dariya, da wani ya ɗora fayilolin biyu a ma'ajin WebKit, injin da ke ƙarƙashin Safari ta kamfanin Apple, don gwaji, sai ma'ajin ya cije, domin manhajar Subversion da suke amfani da ita ta kasa bambanta su. Masu Git ba su jira ba. Fitowa ta 2.13 a watan Mayun 2017 ta zo da lissafin da ke gane fayil ɗin da aka ƙera da wannan dabarar ya ƙi karɓarsa, sannan a 2020 fitowa ta 2.29 ta fara gwajin SHA-256, wadda ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Babban baƙi da ƙaramin baƙi

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne na Disambar 2014. Git tana ajiye tarihi da ƙa'idojinta a wata ɓoyayyar folda mai suna .git. A ciki akwai fayil ɗin da ke iya gaya mata ta kunna wani shiri a kwamfutarka. Saboda haka doka ce: aikin da ka sauko da shi daga wurin wani ba shi da izinin rubuta komai a cikin .git. Git tana duba sunan, in ta ga .git sai ta hana.

To in mugu ya rubuta .Git da babban baƙi fa? Ga mai gadin ƙofa, wannan wani suna ne daban, sai ya ce a wuce. Amma Windows da kwamfutocin Mac, a yadda aka saba tsara su, ba sa bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil. Da kayan suka shigo, sai su zube kai tsaye a cikin ainihin .git. Sauko da aikin wani kawai ya isa ya ƙwace maka kwamfuta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wannan tsagar faɗin harafi ɗaya ce. Waɗanda suka gano ta ma ba mutanen Git ba ne. Matt Mackall da Augie Fackler ne, masu aikin Mercurial, manhajar da ke gogayya da Git. Maimakon su yi shiru ko su yi ta yayatawa, sai suka sanar da abokan hamayyarsu, aka fitar da gyara a 2.2.1.

Shekara goma bayan nan, a watan Mayun 2024, sai ga matsalar babban baƙi da ƙarami ta sake ɓullowa ta wata ƙofar, ta hanyar ƙananan ma'ajai da ake saƙalawa a cikin babba. Fitowa ta 2.45.1 ce ta toshe ta. A tsakani kuma, wata ƙungiya mai suna OSTIF ta ɗauki nauyin ƙwararru daga X41 D-Sec da GitLab suka bi rubutun Git da idon mai neman laifi, suka zaƙulo manyan ɓaraka biyu da aka gyara a Janairun 2023.

Wanda ya shafe mu kai tsaye

Yawancin ɗalibai a unguwanninmu ba su da kwamfuta tasu ta kansu. Ta ɗakin kwamfuta na makaranta ce, ko ta shagon da ake rajistar JAMB da duba sakamakon WAEC, ko ta yaya da ake aro in ya dawo daga aiki. Gyaran da aka fitar a watan Afrilun 2022, a Git 2.35.2, kamar don mu aka yi shi.

Ga yadda abin yake. In ka buɗe Git a wata folda ba ta ga .git ba, sai ta hau foldar da ke sama ta duba, ta sake hawa, har ta kai tushen faifan. A kwamfutar Windows da mutane da yawa ke amfani da ita, wanda ya riga ka zama zai iya ƙirƙirar .git a can tushen, ya cusa umarninsa, ya tashi. Kai kuma ka zo ka shiga da sunanka, Git ta hau ta tarar da tarkon, ta bi umarnin da ikonka. Gyaran shi ne yanzu Git tana duba mai foldar. In ba kai ba ne, sai ta tsaya ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da mallakar wurin ba.

Mutane da yawa sun yi ƙorafi, domin gargaɗin ya tsayar musu da aiki, kuma masu yawo da aikinsu a filas sukan ci karo da shi, tunda yawancin filas ba sa rubuta wanda ya mallaki fayil. Za ku ga ana ba da shawarar a sa alamar tauraro a saitin safe.directory don gargaɗin ya ɓace baki ɗaya. A ganinmu wannan cire ƙyauren ɗaki ne don yana ƙara. Ku saka sunan foldarku guda ɗaya da kuka sani, ku bar sauran a kulle.

Sai dai kada a ruɗe ku. A shagon da kowa ke shiga Windows da suna ɗaya, wannan gadin ba ya aiki, domin a wurin kwamfutar ku duka mutum ɗaya ne. Kuma Git ta Windows takan adana izinin shigarka GitHub don kada ta dame ka da tambaya. In ka tashi ba ka goge ba, na bayanka zai iya tura duk abin da ya ga dama da sunanka. Wani abin kuma: kada ku taɓa rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin aiki. Ko kun goge ta gobe, tana nan a tarihi, don riƙe tarihi shi ne sana'ar Git. In hakan ta faru, a canza kalmar nan take.

Ranar da aka fitar da gyara

Wanda ya gano ɓaraka yakan sanar da masu kula da Git a asirce. Su shirya gyara, su sanar da masu rarraba manhajar, a sa rana, a saki gaba ɗaya tare da bayanin abin da aka toshe. Daga wannan ranar sirri ya ƙare. Masu kutse ma suna karanta bayanin, kuma sun san dubban kwamfutoci ba za su sabunta ba. Tsohuwar Git ta fi zama haɗari washegarin fitar gyara fiye da jajibirinsa.

A nan ne ɗabi'armu ke cutar da mu. Data tana da tsada, wuta ba tabbas, sai wani ya sauko da manhaja sau ɗaya, ta yi ta yawo daga filas zuwa filas shekara uku, huɗu. Ana iya samun ɗakin kwamfuta cike da Git da ta girmi duk gyare-gyaren da muka lissafa na 2022 zuwa 2024, alhali fayil ɗin saka ta a Windows bai kai megabayit 100 ba. Mutum ɗaya ya sauko da sabuwa daga shafin git-scm.com, filas ɗin nan dai ita za ta kai wa kowa.

Dubawa ba ta cin ko sisi. Ku rubuta git --version ku danna, lambar za ta fito. A Windows, umarnin git update-git-for-windows yana ɗauko sabuwa. Masu koyo a wayar Android ta manhajar Termux kuma su rubuta pkg upgrade. In lambar da kuka gani a kwamfutar makarantarku ta gaza 2.45.1, ku nuna wa malamin kwamfuta wannan shafin kafin kowa ya sake sauko da aikin wani a kanta.