Keken ɗinki mai tattara yadi da lissafi

Yau hirarmu a kan ɗinki take. Idan kana da riga irin ta kanti a kusa, kwat ko rigar yarinya mai bujen tattara, ɗauko ta ka ajiye a gabanka, don za mu riƙa dubawa tare.

Duba wurin da aka haɗa buje da jikin riga. Za ka ga yadin ya taru ƙanana ƙanana, kamar bakin jaka da aka ja wa igiya. Wannan shi ne tattara. Yadi mai tsawo ne ake so ya zauna kan yadi gajere, to dole a tara shi. Mu ma mun san abin tun kaka da kakanni, domin zariyar wando aikin da take yi ke nan. Bambanci ɗaya ne: zariya kana ja kana saki, tattarar ɗinki kuwa idan allura ta bi ta kanta, ta zauna ke nan.

Telan unguwarku ga yadda yake yi. Yakan yi dogon ɗinki sahu biyu a gefen yadin, ya ja zare, yadin ya taru, sannan ya bi da yatsa yana rarrabawa. Wani ma ba ya jan zare, da ɗan yatsa yake tura yadin ƙarƙashin allura yana taka keke. Gwani yakan fitar da abu mai kyau. Amma ko gwani, aikinsa na safe da na yamma ba su cika zama ɗaya ba. Na taɓa kai ɗinkin ɗiyata gab da salla, aka ba ni riga hannun dama ya kumbura kamar balan-balan, na hagu ya kwanta. Ban yi faɗa ba, don na ga idon telan, kwana uku bai yi barci ba. Yarinya dai ta yi kuka, aka farke aka sake.

To yanzu ka ɗauka gidan ɗinki ne babba, irin na ƙasar Sin ko Bangaladesh ko Turkiyya, inda ake son riga dubu iri ɗaya, kowace daidai da ƴar'uwarta. A can ba a iya jiran yatsan gwani. Shi ya sa aka nemi dabarar da keke zai tattara da kansa.

Kafin ka gane dabarar, sai ka leƙa ƙarƙashin allurar kowane keken ɗinki. Akwai wasu ƴan haƙora na ƙarfe. Su ne ke tafiyar da yadi. Sukan taso sama su kama yadin, su ja shi baya, su sauka, su komo gaba, haka dai kowane taku na allura. Wani Ba'amurke mai suna Alan Wilson ne ya yi rajistar wannan dabara a 1854, kuma har yau ita ce a cikin keken telanku. Tsawon jan da haƙoran suka yi shi ne tsawon ɗinki ɗaya.

Sai masu ƙira suka raba haƙoran nan kashi biyu, na gaba da na baya, kowanne da nasa tafiya. Idan na gaba suna turo yadi milimita 4, na baya kuwa milimita 2 kawai suke janyewa, ina sauran zai tafi? Ba shi da wurin zuwa. Sai ya taru a gindin allura, allura ta ɗinke shi a tare. Da haka yadi mai mita 2 zai fito mita 1. Idan aka juya lissafin, na baya suka fi na gaba sauri, sai yadin ya miƙe maimakon ya taru. Wannan ba sabon abu ba ne, kuma babu kwamfuta a ciki. Kekunan nan masu yanke gefen yadi suna naɗe shi da zare, da yawansu suna da ɗan maɓalli na wannan aiki, mai lamba daga 0,7 zuwa 2. Wanda ke da irinsa ya duba gefen kekensa, wataƙila shekara da shekaru yana zaune da abin bai taɓa murɗa shi ba.

Wannan ya isa ga buje da labule da bakin matashin kai, inda ake son tattara iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Inda wuya take shi ne hannun kwat, kuma a nan nake so mu daɗe.

Ɗauki kwat ɗin ka duba kafaɗa. Ba ka ga tattara ba ko? To akwai ta, ɓoye take. Kan hannun kwat kullum ya fi ƙofar da za a sa shi tsawo, da santimita kaɗan. Da an yanka su daidai wa daida, hannun zai kwanta kamar allo, mai riga ba zai ji daɗin ɗaga hannu ba. Rarar nan ce ke ba kafaɗa ƙwaryarta. Amma dole a shanye ta cikin ɗinki ba tare da ko ƙanƙanin naɗi ya fito ba. Kuma ba a raba ta daidai ko'ina. A ƙarƙashin hammata ba a sa komai. A gangaren kafaɗa, gaba da baya, a nan ake zuba mafi yawa. A bisa ƙoli kuma a rage. Shi ya sa a gidajen ɗinkin kwat, mai sa hannu yana cikin manyan gwanaye, ba a ba sabon yaro wannan kujera.

A da, kekunan sa hannu suna da wani mataki na dabam ko abin turawa da gwiwa. Mai ɗinki yana tafiya yana danna shi, ya ƙara tattara a nan, ya rage a can, duk da ido da ji a jiki. Kekunan yanzu, irin waɗanda kamfanin Dürkopp Adler da kamfanin Pfaff na Jamus da kamfanin Juki na Japan suke ƙerawa, an ɗauke wannan aiki daga ƙafar mutum an ba kwamfuta. Na Juki akwai wanda ake kira DP-2100, don sa hannun riga kawai aka yi shi.

Ga yadda abin yake. Yadi biyu ne ke shiga ƙarƙashin allura, hannu da jikin kwat. Kowanne da abin da ke jansa, wasu ƴan siraran bel masu juyawa, na sama da na ƙasa. Bel ɗin nan ƙananan injuna ne ke juya su, irin waɗanda ba su gudu sakaka, sai dai taku-taku. Da yawa daga cikin irin injunan nan taku 200 suke yi kafin su zagaya sau ɗaya. Kwamfuta ce ke ƙirga takun. Ta ce wa na sama yi kaza, ta ce wa na ƙasa yi kaza. Idan wanda ke jan hannun ya ɗara wanda ke jan jikin, rarar hannun tana shigewa kaɗan kaɗan.

Mu yi lissafi tare, ka ɗauko alli ko fensir. Misali ne kawai. A ce ƙofar hannu santimita 50 ce, kan hannun kuwa 54. Rara nawa? Santimita 4. A ce kuma kowane ɗinki milimita 2 da rabi ne. Santimita 50 milimita 500 ke nan, ka raba da 2 da rabi, ka sami ɗinki 200 kafin a zagaye. Yanzu a ce a gangaren baya akwai wuri mai santimita 10 da ake so ya shanye santimita 1. Wurin nan ɗinki 40 ne. Milimita 10 a raba wa 40, kowane ɗinki ya sami rubu'in milimita. Rubu'in milimita fa! Ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya auna shi. Gwani yana kai wa ga haka da sabo, amma ba zai iya faɗa maka lambar ba. Injin kuwa lambar kaɗai ya sani.

Wa ke ba shi lambar? Mutum ne. Akan raba zagayen hannun kashi-kashi, bisa ƴan alamun da mai yanka ya tsaga a gefen yadin. Gwani ya zauna ya ɗinka hannu na farko, yana gaya wa keke nawa za a tattara a kowane kashi, ta ɗan allon da ke jikinsa. Keke ya riƙe. Idan aka zo hannu na biyu, ba sai an sake koya masa ba, yakan juya lissafin da kansa, abin da ya yi wa dama ya yi wa hagu a madubi. Idan an koma kwat babba ko ƙarama, yakan ƙara ko ya rage bisa girman. Daga nan mai ɗinki aikinsa shi ne ya riƙe gefen yadi biyu su tafi tare, ya lura alama ta faɗa kan alama. Keke yana ƙirga tafiyarsa, ya canza tattara idan ya kai kashi na gaba. A wasu kekunan mai ɗinkin ne ke taɓa maɓalli da gwiwa don a wuce. Irin wannan lissafi ne kuma ake yi wajen sa roba a ƙugun wando: wani ɗan inji yana sakin robar da awo, don kada wando ɗaya ya matse, ɗaya ya zube.

Kada ka ɗauka keken ya san yadi. Bai sani ba. Ulu yana da haƙuri, yakan shanye rara, in an bi shi da guga mai tururi sai ya kwanta sumul. Yadin roba ba ya shanyewa haka, shadda mai sitaci ma taurin kai gare ta. Lambar da ta yi kyau a wannan yadi za ta iya fitar da naɗi a wancan. Saboda haka duk sa'ad da aka canza yadi, sai an sake gwaji, gwani ya duba, ya gyara lamba. Idan kuma mai yanka ya yi kuskure, keke zai maimaita kuskuren nan sau ɗari ba tare da ya tsaya ba. A ganina wannan shi ne abin da masu yabon injin suke mantawa.

Na san abin da ke ran wasu telolin da ke saurare. Suna cewa abincinmu ne za a ɗauke. Tsoron nan tsoho ne. A Faransa wani tela mai suna Bartelemi Timoniye ya yi rajistar keken ɗinki a 1830, ya buɗe gidan ɗinkin kayan soja a birnin Pari da kekuna kamar 80. A 1831 teloli suka faɗa wa wurin suka farfasa su. Ba zan ce muku tsoron banza ba ne. A manyan gidajen ɗinki, aikin da sai an shekara ana koyo yanzu ana iya ba wanda bai daɗe da zuwa ba, gwani ɗaya ya isa ya shirya wa mutane da yawa. Kuma kayan da ke fitowa daga can su ne ke cika kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sababbi da na gwanjo, da araha. Wannan ya taɓa telanmu, babu shakka.

Amma shi kansa keken bai dace da shagon telanmu ba. Yana da tsada ƙwarai. Yana son kuran da ba ya yankewa, ba ya hawa da sauka. Idan allonsa ya lalace, mai gyaran keke na bakin kasuwa ba zai iya ba. Kuma ribarsa sai ana ɗinka abu ɗaya sau da yawa. Telanmu kuwa kowa da awonsa yake zuwa, wannan mai tumbi, wancan kafaɗarsa ɗaya ta sauka, wata kuma ta ce a yi mata irin na maƙwabciyarta amma ya fi shi. Babbar riga da jabba ma yankansu dabam ne, ba su da irin wannan kafaɗa. Wanda ya ci bashi ya sayo keken nan don shago mai mutum uku, ya sayo wa kansa ciwon kai.

Abin da za ka iya ɗauka kyauta shi ne hanyar. Kafin ka tattara, auna duka biyu ka san rararka. Ninka gajeren yadin gida huɗu ka sa alama, ninka dogon gida huɗu ka sa alama, ka haɗa alama da alama da allura mai kai, sannan ka ja zare tsakaninsu. Ta haka tattara ba za ta taru gefe ɗaya ba. Yi sahu biyu na dogon ɗinki, ka ɗan sassauta zaren sama don na ƙasa ya jawu. Ga yadi marar nauyi, ninki biyu ko biyu da rabi yana kyau. Ga mai kauri, ɗaya da rabi ya isa. Akwai kuma ƴar ƙafar tattara da ake ɗaura wa keke a madadin ta kullum, ba ta da tsada. Idan ka sami awon da ya yi kyau a wani yadi, rubuta shi a littafi tare da sunan yadin. Wani ɗalibina tela ya fara haka, yanzu yaronsa ne ke yin hannun hagu yana duba littafin.

Ga aikin gida. Ƙugun yarinya santimita 60 ne, ana son buje mai tattara ninki biyu da rabi. Yadi santimita nawa za a yanka, ban da na ɗinki? Idan an raba gida huɗu, santimita nawa ne tsakanin alama da alama a ƙugu, nawa ne kuma a buje? Ku yi a allo ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.