Kifin Ado Ɗan Aure: A San Abin Da Aka Saro Kafin A Sayar

Kowane ɗan kasuwa ya san mangwaro ɗan aure, ya kuma san alfadari, wanda ubansa jaki ne, uwarsa goɗiya. To jama'a, a cikin kifayen ado da ake kiwo a akwatin gilashi cikin gida ma akwai ƴan aure, kuma mai sarin kaya a Legas ko Kwatano zai iya cin karo da su. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi wa ƴan'uwa bayani, domin kada launi ya ruɗe su.

Waɗannan kifaye dangin karfasa ne da muke ci, sai dai biyun da suka fi suna ba a taɓa kama asalinsu a kogi ba, mutane ne suka haɗa iri. Na farko shi ne mai bakin aku, wanda aka samar a Taiwan wajen 1986. Jikinsa a dunƙule yake, launinsa ja ko ruwan lemo, bakinsa ƙarami ne kuma ba ya rufuwa sosai. Yawancin mazansa tamkar alfadari suke, ba su haihuwa, don haka wanda ya sayi mace da namiji da niyyar samun ƴaƴa ya yi asara. Idan kuwa aka gan shi shuɗi ko kore, rini ne aka yi masa, wanda zai koɗe, ya kuma raunana kifin.

Na biyu shi ne Flowerhorn, wanda aka samar a Maleziya cikin shekarun 1990 daga kifayen Amurka ta Tsakiya. Ana gane shi da ƙululu a goshi da jerin baƙaƙen ɗigo a gefensa. Yakan kai santimita 30, ga faɗa, saboda haka shi kaɗai ake ajiyewa, a akwatin da bai kasa lita 250 ba.

Masu wuyar ganewa su ne ƴan Tafkin Malawi, domin idan aka tara iri daban-daban wuri guda sukan barbari juna. Duk ƙaramin da ya fito daga irin wannan akwati, kada a rantse wa mai saye cewa tsantsa ne.

Wajen kiwo, suna son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 29, don haka a kula da sanyin hunturu. A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana tukuna.

Kiranmu shi ne, a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye, domin ciniki ɗaya ba ya ƙare kasuwa. Wanda kuma ya gaji da kifinsa ya ba wani, kada ya sake shi a gulbi ko tabki, inda zai addabi karfasar masuntanmu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.