Tsoron Ɓarawo Ya Sa Muna Kwana da Janareta

Ana saura kwana uku ƙaramar Sallah, wani tela a unguwarmu ya ja janaretansa cikin shago ya turo ƙofa, wai kada ɓarayi su yi awon gaba da shi. Da asuba sai da aka ɓalle ƙofar aka kwaso shi da yaransa biyu ranga-ranga. Allah ya yi da sauran kwana. Abin takaicin, ko mako biyu ba a yi ba na ga injin ya koma lungun da aka ciro shi.

Ban ce ban san abin da ya kai shi ba. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma ƙasar na asarar kimanin dala biliyan 26 duk shekara saboda rashin tsayayyiyar wuta. Asarar nan a aljihun tela take, da mai walda, da mai niƙa, da matar da ke ƙulla zoɓo a gida. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, cinikin yini a tankin janareta yake ƙarewa, balle a yi maganar ƙara keke ko ɗaukar sabon yaro. Wanda ya ga yadda sana'o'i suka tsaya cik a Arewa a Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, ba sai an yi masa bayani ba.

To amma talauci daban, ganganci daban. A cikin hayaƙin janareta akwai wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Mai barci ba ya ma farkawa. Haba jama'a! Injin nawa yake?

A fitar da shi waje, nesa da taga da ƙofa. Zaure da bayi da ƙarƙashin bene duk cikin gida ne. In ɓarawo ake tsoro, mai walda zai haɗa keji na ƙarfe a sa kwaɗo, kuɗinsa bai kai na kwana biyu a asibiti ba. Kada a zuba mai inji na aiki. Idan mutanen ɗaki suka fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya lokaci guda, a bar zancen zazzaɓi ko iskokai, a fita sarari, a kashe injin, a nufi asibiti.

Kaskon gawayin da ake kwana da shi a ɗaki lokacin hunturu ma gubar nan yake fitarwa.