Abu Na'ama: yadda tsimin gawayi ke rage wa aljihu da dajin bagaruwa nauyi

A ƙauyukan Hausawa da ke bakin kogin Nil Azrak, daga Mai Wurno zuwa Abu Na'ama a jihar Sinnar ta Sudan, maganar kare muhalli a murhu take farawa. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, matatar man Jaili da ke arewacin Khartum, wadda ke samar da iskar gas ta girki, ta daina aiki yadda ta saba. Dakarun RSF sun shiga Wad Madani a Disamban 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su ƙwace ta a Nuwamban shekarar. A tsakanin nan gidajen da suka saba da tukunyar gas suka koma ga itace da gawayi, kuɗinsu kuma ya tashi.

Itacen da ke ɗaukar wannan nauyi sananne ne ga kowane Bahaushe. Bagaruwa ce, wadda Larabawan Sudan ke kira sunut. Tana fitowa ne a kwarin da kogi ke cikawa lokacin ambaliya, tana iya yin watanni ƙafarta cikin ruwa, saiwoyinta na riƙe ƙasa. Inda aka kwashe ta, gaɓar kogi na saurin zaftarewa, kuma a gaɓar nan Hausawa da dama ke noman jaruf, wato shuka a laimar da ruwa ya bari bayan ya janye. Ke nan asarar dajin tana komowa kan gonar.

Akwai lissafin da ba kowa ke yi ba. A ramin gawayi irin na gargajiya, sai an ƙona itace kilo 5 zuwa 7, wani lokaci fiye, kafin a samu kilo 1 na gawayi. Murhun duwatsu uku, wanda a Sudan ake ce wa ladaya, shi ma mai ɓarna ne: abin da ke shiga tukunya bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itacen ba, sauran iska ke kwashewa. Saboda haka gyaran da ya fi amfani shi ne wanda bai cin ko sisi. Ana kewaye wuta da ginin laka da aka kwaɓa da kashin jaki ko na shanu, a bar ƙofa ɗaya ta itace, tukunya ta zauna daram a baki. Irin wannan murhu ya bazu a sansanonin Darfur tun shekarun 2000, mata ne ke gina shi da hannunsu. Yana tsagewa, gaskiya ne, kuma wadda ba ta yaɓe shi a kai a kai za ta koma inda ta fito. Girman bakinsa ma sai ya dace da tukunyar gidan.

Sauran dabarun ƙanana ne, amma kullum ake yin su. Ful ko wake da aka jiƙa tun dare ba ya cin wutar da busasshe ke ci. Rufe tukunya, shanya itace ya bushe sosai, da binne ragowar garwashi cikin yashi don a sake hura shi gobe, duk suna rage abin da ake saye. Mai tuyar kisra da ta haɗa ta gida biyu ko uku a kan tanda ɗaya ta huta da zafafa ƙarfe sau uku. Akwai kuma dahuwar bargo: in tukunya ta tafasa sosai, a sauke a naɗe ta da tsohon bargo cikin kwando, zafinta ya ƙarasa aikin. Masu gasa agashe, sana'ar da aka san Hausawan Sudan da ita, su ma gawayi na cikin manyan abubuwan da ke cin ribarsu.

Wajen adana abinci, akwai dabarar da daga ƙasar Hausa ta je Sudan. Mohammed Bah Abba, wani malami a jihar Jigawa, ya yaɗa tsarin tukunya cikin tukunya: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ruwa na tsanewa yana tafiya da zafi, kamar yadda randa, ko zir a bakin mutanen can, ke sanyaya ruwan sha. Ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, daga baya ƙungiyar Practical Action ta yaɗa dabarar a Darfur. Tumatir da kuɓewa kan ƙara kwanaki a ciki. Sai dai a lokacin rani take aiki sosai. Da damina, iska mai laima na kashe mata ƙarfi, lokacin kuwa busasshiyar kuɓewa, wato weka, ita ce madogara.

Kada dai a ɗora wa matan gida laifin da ba nasu ba. Mafi yawan dajin da ya ɓace a filayen laka na Sinnar da Gadarif, manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi ne suka share shi tun shekaru da dama kafin wannan yaƙi. Dokar daji ta Sudan ta tanadi a bar kashi 10 cikin 100 na irin waɗannan gonaki ga itatuwa, kashi 5 kuma a gonakin ban ruwa, amma ba a cika bin ta ba. Aiwatar da ita na hannun Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989. Abu Na'ama kuwa na da tashar binciken aikin gona da tsangayar noma ta Jami'ar Sinnar, wuraren da ya kamata manoman yankin su riƙa neman irin bagaruwa da dakwara, da shawarar inda ya dace a dasa su.