Ƙananan Ƙungiyoyin Jinƙai na Ingila Sun Shiga Matsi

A Ingila, gwamnati ba ta ɗaukar nauyin tsofaffi da masu nakasa ita kaɗai. Ƙungiyoyin jinƙai na unguwa ne ke kai wa tsohuwa abinci gida, su raka majiyyaci asibiti. Wani ɓangare na kuɗinsu kuwa daga ƙananan hukumomi da hukumar lafiya ta NHS yake fitowa.

Tun 2010 aka fara tsuke aljihun ƙananan hukumomi. Tallafin da ake bayarwa kai tsaye ya koma kwangila, sai an yi takara. Nan ƙaramar ƙungiya ke shan kaye, domin ba ta da ma'aikacin da zai zauna yana cike takardu. Wata doka ta 2012 ta sauya masu rabon kuɗin lafiya, ta 2022 ta sake miƙa shi ga hukumomi 42. Kowane sauyi, sai an nemi sababbin fuskoki daga farko.

A Afrilun 2025 kuma harajin da ake biya kan kowane ma'aikaci ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15, ba a ware ƙungiyoyin ba. Abin da ya fi ciwo shi ne gidajen jinyar masu ciwon ajali: kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu gwamnati ke bayarwa, sauran sai sadaka da cinikin gwanjo.